Rumbun Kakana da Firizar Gidana



Akwai wata tambaya da ake yi mini kusan kullum da safe, ina cikin neman hula da makullin mota: "Malam, yau me za a dafa?" Shekara da shekaru amsata guda ce. In sa hannu a aljihu in miƙa kuɗin cefane, in ce a dafa abin da ya sawwaƙa, in kama hanya. Ban taɓa zaton wannan tambaya tana da wani tarihi ba, sai da rikicin kasuwar Shasha ya rutsa da mu a nan Badun cikin watan Fabrairun 2021.

Wanda ke garin a lokacin ba ya buƙatar in tuna masa. Ƙaramin saɓani ne a bakin wani shago ya rikiɗe ya zama faɗa, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, gwamnatin jihar Oyo ta rufe kasuwar ta kuma sa dokar hana fita a yankin. Ƙura ba ta gama lafawa ba sai ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta tsayar da lodi daga Arewa zuwa Kudu a ƙarshen watan, ba a saki motoci ba sai farkon Maris. Tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabo. Mu gidanmu ba shi da nisa da Ojoo, baki 9 muke, sai ga mutum 5 da suka gudo suka fake wurinmu, muka zama 14. Ba dukkan kasuwannin gari aka rufe ba, amma a kwanakin farko babu mai ƙarfin halin tura yaro ko mace waje.

Washegari uwar yara ta yi mini tambayar da ta saba, ni kuma hannu ya tafi aljihu kamar yadda ya saba. Inna, mahaifiyata, tana zaune kan tabarma a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. Ta dubi uwar yara ta ce, "Tambaye shi, kuɗin za mu tafasa?"

Nan take ta sa aka shimfiɗa tabarma biyu, ta ce a fito da duk abin da ke cikin sito da kabad da firiza. Mai karatu, na ji kunya ranar. Gidana ne, kuɗina ne ya saye su, amma wallahi ban san rabin abin da ke ciki ba. Ga shinkafa wajen rabin buhu, ga wake da ƙwari suka fara ɓarna, ga taliya, ga alabo, ga fulawa, ga garin kwaki, ga tumatirin gwangwani, ga wata kuka da aka kawo tsaraba aka manta da ita bayan galan ɗin manja. Firiza kuwa sai da aka sa muciya aka farfasa ƙanƙara, can ƙasa aka tono ledoji 3 na naman layyar da ta wuce, da wasu ƙulle-ƙulle da ba wanda ya iya cewa miya ce ko markaɗe sai da suka narke. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa tana jin nauyi, bakinta na motsi. Da ta gama ta ce, "In aka bi ni, kwana 11. In aka bi ku, 5."

Tun daga ranar nake bin diddigin inda ta samo wannan lissafi, da inda mu muka yar da shi.

A wani ƙauye na ƙasar Katsina aka haife ta, can ta girma har aka kawo ta Sabo tana amarya a ƙarshen shekarun 1960. A gidan mahaifinta, kamar sauran gidajen manoma na wancan zamani, abincin shekara yana tsaye ne a bayan gida kowa na ganinsa. Akwai rumbu na kara da zana, akwai rufewa ta ƙasa, duka a ɗage kan duwatsu saboda gara da damshi. In kaka ta yi aka gama yankan gero da dawa, sai a ɗaure damma a kawo gida, maigida ya tsaya da kansa a ƙirga a gabansa. A fitar da zakka, a ware iri, a ware na biyan bashi da na haraji, sauran a jera a rumbu da zangarniyarsa ba a sussuka ba, don hatsi ya fi daɗewa a haka. Inna ta ce a gidansu dami guda kwana biyu yake yi. To ka ga ke nan da an rufe rumbu maigida ya riga ya san ko abin zai kai su wata kakar, ko kuwa zai yanke a tsakiyar damina, ya kuma san watan da zai yanke.

Babban rumbun gandu, in ji ta, ba a taɓa shi da rani. Liƙe shi ake yi, sai ruwa ya sauka an fara shuka da noma, lokacin da jiki ke buƙatar tuwo mai nauyi kuma babu sararin yin wata sana'a. Da rani sai gida ya rayu da ƙananan rumbuna, da abin da kowa ya samu a gayaunarsa, da kuɗin saƙa da jima da ƙira da ɗan fatauci. Samari kuma su tafi cin rani, almajirai su ɗauki allo su bi malaminsu. Mu yanzu in an ce cin rani neman kuɗi kawai muke ji, alhali rabin hikimar tana gida. Duk bakin da ya tafi, damma ne suka tsira a rumbu, ko da ya dawo ba ko sisi. Kakana na wajen uba ta haka ya fara zuwa Badun a shekarun 1940, yana dakon huhun goro. Ya yi rani uku yana komawa, na huɗu ya zauna. Wato dai mu da muke nan, wasunmu lissafin rumbu ne ya koro kakanninmu Kurmi.

Kullum maigida shi zai ba da awo ga wadda ke da girki, ita ta surfa ta daka ko ta niƙa. Miya kuwa hurumin mata ne, kuma su ma da nasu rumbun, sai dai ba ya tsaye a bayan gida. Yana cikin tukwane da ƙore da ragaya a ɗaki. Da damina ake tara shi: a yanka kuɓewa a shanya, a tsinko ganyen kuka a busar a daka, haka karkashi da zogale da rama da yakuwa. A dafa kalwa a yi daddawa, a yi daddawar batso, a murza ganyen albasa a yi gabu, a shanya barkono da tumatir, a soya man shanu a zuba a kwalba, ga kanwa ga gishiri a gefe. Ranar Arewa da hunturunta su ne firjin wancan zamani, kuma ba a ɗauke su. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, wanda ya kama gindin tukunya a kankare shi a shanya, ƙanzo ke nan, a adana shi sai ranar da za a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Saboda haka a gidan su Inna ba a tambayar me za a dafa. Abin da za a dafa sananne ne. Tambayar da ke hana maigida barci ita ce ko zai kai.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zamanin daɗi ne. Na lura mu da aka haifa a Kurmi muna da wannan ciwo, duk abin da ya shafi gida sai mu shafa masa zuma. Ita Inna ba ta yi. Tana ba da labarin tsakiyar damina, gero ya yi kore shar a gona amma rumbu ya koma sai ɓeraye, ana kwana da kwaɗon tafasa da rama, yara na zagaya gona suna jiran ranar da za a karyo tumu. Akwai kuma shekarun da lissafin gaba ɗaya ya rushe, har mutane suka raɗa musu suna: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, da Muda ta farkon shekarun 1950. Wani Bature masani, Michael Watts, wanda ya zauna a ƙasar Katsina ya kuma fitar da littafinsa kan yunwa a Arewa a 1983, ya kafa hujjar cewa ba fari kaɗai ya jawo waɗannan masifu ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawa suka dage a biya haraji da kuɗi kuma a kan kari, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Manomi ya koma sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo yana saye da damina lokacin da ya fi tsada, rarar da a da ake ajiyewa ta shekara biyu ko uku ta yi ta zaizayewa. Ni ba masani ba ne, amma abin da tsofaffinmu ke faɗa ya yi daidai da wannan.

To, sai aka zo Sabo. Unguwar an kafa ta ne a 1916, kuma tun asali ba unguwar manoma ba ce. Goro ke tafiya Arewa, shanu na gangarowa Kudu, mutanen Sabo na tsakiya suna cin la'ada. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda masu gida ke sauke fatake su ba su masauki su ciyar da su, da yadda matan kulle ke dafa abincin sayarwa yara na talla. Na taso na tarar da sauran wannan tsari. Da safe a ba kowane yaro kuɗin koko da ƙosai, da rana a saya wajen masu talla, da dare ne kawai ake ɗora tukunyar gida. Kuɗi kullum yake shigowa, abinci ma kullum ake sayo shi. Ba gona, ba kaka, ba damin da za a ƙirga. A nan ne cefane ya maye gurbin awo, maigida ya tashi daga mai rumbu ya koma mai aljihu.

Ko da mutum ya so ajiya ma, ƙasar ba ta ba shi haɗin kai. Inna ta ce damina ta farko da ta yi a Badun kuka ta yi, kukan hawaye. Duk kayan miyar da aka haɗo mata na gara suka yi fumfuna, kuka ta dunƙule, kuɓewa ta yi baƙi, daddawa ta yi tsutsa. Ta shanya abu ya kwana uku yana nan jiya i yau. Dabarar busarwa da ta gada tun kaka da kakanni a Arewa take aiki, a nan ruwa ya fi wata 6 yana zuba. A hankali ta koyi ajiye kayan miya a saman murhu inda hayaƙi ke bugu, ta koyi cusa su a gwangwanayen madara masu murfi, ta kuma koyi na mutanen gari: alabo, garin kwaki, manja, da iru, wato tasu daddawar. Lokacin farin 1972 zuwa 1974 ma har abin ya juya, buhunan garin kwaki Baba ya riƙa ɗorawa a mota ana kai wa dangi gida.

Sanyi kuwa ta kifi ya fara shigo mana. Michael Ibru ya fara shigo da kifin ƙanƙara ƙasar nan a 1957, mutane suka yi ta ƙyamarsa, Yarbawa suka sa masa suna "oku Eko", wato gawar Ikko, sunan da har yau bai sake shi ba. Dattawan Sabo da na sani wasunsu har suka bar duniya ba su sa shi a baki ba. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975 sai firji da talabijin da babur suka cika gari. Baba ba ma'aikaci ba ne, amma kasuwa ta buɗe shi ma ya sayi firji, wanda kusan duk aikinsa ruwan sanyi ne da ƙanƙarar sayarwa in azumi ya zo. Ba wanda ya yi tunanin zuba abincin mako a ciki. Sai da aka shiga wahalar 1984, lokacin da ake bin layi a sayi madara da sukari da shinkafa da sabulu a farashin gwamnati, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya naira ta fara zubewa, mutane suka koma sayen abu da buhu da katan. Tsoron gobe ne ya dawo da ajiya cikin gidajenmu. A tsakanin nan firiza ta shigo, irin mai buɗewa ta sama kamar akwati, ta zama kayan ɗakin amarya.

A ganina nan ne muka yi rabin aiki. Mun dawo da rumbu amma ba mu dawo da lissafinsa ba. Kakana yana zuba hatsi ne bayan ya ƙirga, yana ɗiba yana ragewa a ransa. Mu kuwa zubawa muke ta sama muna ɗiba ta sama, na ƙasa ya shekara ba a gan shi ba, kuma duk da haka kullum sai an tafi kasuwa. Dubi naman layya. A da ranar sallah da washegari mata ba sa zama: a soya nama ya soyu ƙarau a zuba a tukunya a kwarara masa kitsensa, a yi dambu, a shanya wani, a yi kakiɗe. Yanzu sai a ƙulla a leda a jefa firiza a ce sai an huta. Wata shekara, kwana 4 bayan sallah, taransifomar layinmu ta ƙone, aka yi kusan mako biyu ba wuta, ga janareta ya ƙi tashi. Rabin rago na haƙa rami na binne a bayan gida. Abin da ya rage mana na layyar shekarar shi ne ɗan wanda Inna ta nace ta soya ta zuba a gwangwani, muna mata dariya.

In koma kan kwanakin Shasha. Tsarin da ta bi ba shi da wuya in an gani, sai dai ni ban taɓa tunaninsa ba. Ta fara da abin da zai riga lalacewa. Ɗanyen tumatir da attaruhu da suka rage ta sa aka markaɗa aka tafasa har ruwan ya ƙone. Daga nan ta faɗa wa firiza, don ta ce man janareta ma abinci ne, kada a ƙona shi wajen gadin ƙanƙara. A kwana biyu aka soye naman nan kaf, aka kashe firizar. Nama ya daina zama abin da ake rabawa yanka-yanka, ya koma abin da ake dakawa a jefa a miya don ƙamshi. Waken da ƙwari suka fara ci shi aka sa gaba: aka shanya shi aka feƙe, yau garau-garau, gobe alale, jibi a haɗa garinsa da fulawa da alabo da kuka da ɗan ruwan kanwa a jefa ɗanwake. Shinkafa ba a dafa ta tsura sai da wake, ko a yi tuwo, don tuwo ya fi auki kuma yana ba da ɗumame. Taliya da gwangwanaye da garin kwaki ta ce su ne rumbun gandu, ba mai taɓa su sai an ga abin da hali ya yi. Da dare take yanke abin da za a ci gobe, ta auna da kwano ta miƙa wa uwar yara, daidai yadda mahaifinta ke ba da awo.

Yara sun yi ƙorafi, musamman ƙaramar da ta saba da Indomie. Baƙinmu kuwa ba su ce komai ba, mutanen da suka bar rumfunansu na ci da wuta ba ta ɗanɗano suke ba. Abin da ba zan manta ba shi ne maƙwabciyarmu Bayarabiya, tsohuwa sa'ar Inna, wadda a kwana na uku ta miƙo ƙullin iru da damin ayoyo ta kan katanga, ana tsaka da wancan tashin hankali. Inna ta mayar mata da kwano cike da soyayyen nama, ni ina ta hararar kwanon don na san an riga an sa shi a lissafi. Kafin kwana 11 su cika gari ya lafa mun fara fita, baƙi suka kama gabansu, kuma ba a buɗe taliyar ba.

Bayan nan na sayi ƙaramin littafi na rataye a jikin ƙofar sito. Duk ƙarshen wata ni da uwar yara mukan fito da komai mu rubuta, mu tsara girkin mako daga abin da ke ƙasa kafin a yi maganar kasuwa. Ba zan yi ƙarya ba, wani watan mukan yi, wani watan shiririta ta ci mu. Amma da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar kaya suka ninka, littafin nan ya rufa mana asiri fiye da sau ɗaya. Firizar ma yanzu ba na barin a cika ta, kuma duk ledar da za ta shiga sai an rubuta mata abin da ke ciki da ranar.

Da na je ƙauyen su Inna gaisuwar rasuwa, na nemi a nuna mini inda rumbunan kakana suke. Duwatsun gindinsu kawai na tarar. 'Yan'uwa sun ce yanzu sussukewa suke su zuba a buhu su kulle a ɗaki, wasu ma a cikin gari suke kai ajiya, saboda ɓarayi da 'yan bindiga da ke cinna wa rumbuna wuta. Da na dawo na ba ta labari ta yi shiru, can ta tambaye ni ko itacen kukar da ke bayan gidan yana nan. Na ce yana nan.

A watan jiya na gama ƙirgata na zo ina taƙama, na ce mata abin da ke gidan nan zai kai mu kwana 26. Ta sa aka karanta mata littafin, don ita boko bai ratsa ta ba, ta saurara har ƙarshe. Sai ta juya wajen uwar yara ta ce, "Gaya masa 22 ne. Bai cire rabon baƙo ba, bai cire na almajiri ba, kuma manjan nan ba zai kai ba."